YADDA GWAMNATOCI KE BA DA RAHOTON MURADUN CI GABA MAI ƊOREWA, DA INDA LISSAFIN NIJERIYA KE YIN RAUNI

ABUJA — A watan Yuli na shekarar 2025 ne Gwamnatin Tarayya ta gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya rahotonta na uku dangane da inda Nijeriya ta kai wajen cika Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa, waɗanda aka fi sani da SDG. An gabatar da na farko a 2017, na biyu kuma a 2020, lokacin da annobar korona ta hana tafiye-tafiye har aka yi taron ta hanyar intanet. Rahoton kan fito cikin kundi mai kauri, cike da jadawali da alƙaluma, kuma galibin 'yan kasuwa kan ɗauke shi a matsayin harkar ma'aikatan gwamnati da ƙungiyoyin agaji, wadda ba ta shafi shago ko masana'anta ba.

Wannan zato yana bukatar gyara. Alƙaluman da ke cikin rahoton daga rumbu ɗaya suke fitowa da waɗanda bankunan raya ƙasa da masu ba da rance da kamfanonin ƙetare ke dubawa kafin su yanke shawarar inda za su zuba jarinsu. Saboda haka yana da amfani a san wanda ke rubuta rahoton, da inda yake samo lissafinsa, da kuma wurin da lissafin ke yin rauni. A Nijeriya raunin ya fi tsanani a can ƙasa, wato a matakin ƙaramar hukuma, inda makarantar firamare da ɗakin shan magani da rijiyar burtsatse suke.

Alkawari ba tare da mai tilastawa ba

Ranar 25 ga Satumba, 2015, ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradu 17 da za a cika zuwa shekarar 2030, waɗanda suka ƙunshi kawar da talauci da yunwa, da inganta lafiya da ilmi, da samar da ruwan sha da wutar lantarki da ayyukan yi, da gudanar da mulki bisa doka. An rarraba muradun zuwa ƙudurori 169, sa'an nan masana ƙididdiga suka tsara ma'aunai fiye da 230 da za a riƙa auna ci gaba da su. Alal misali, muradi na uku ya nemi a rage mutuwar mata wajen haihuwa a duniya zuwa ƙasa da 70 cikin kowace haihuwa 100,000, a kuma rage mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar zuwa 25 cikin 1,000. Waɗannan muradu su ne suka gaji Muradun Ƙarni guda takwas na 2000 zuwa 2015, sai dai wancan karon ƙasashe masu tasowa aka fi sa wa ido, wannan karon kuwa alkawarin ya hau kan kowa, har da masu arziki.

Yarjejeniyar ba doka ba ce da ke da hukunci. Babu tara a kan ƙasar da ta gaza, babu kuma wanda zai tilasta wa wata ƙasa ta ba da rahoto. Shi ya sa ake kiransa rahoton raɗin kai. Ƙasar da ta ga dama takan sanar da niyyarta, ta rubuta kundinta, ta aika da taƙaitaccen bayani wanda bai wuce kalmomi 700 ba, sa'an nan ta je taron manyan jami'ai da ake yi a birnin New York kowane watan Yuli ƙarƙashin Majalisar Tattalin Arziki da Zamantakewa. A can akan ba wakilanta 'yan mintoci su yi jawabi, wasu ƙasashe da ƙungiyoyin farar hula su yi tambayoyi kaɗan, galibi cikin lafazin diflomasiyya, a tashi.

Ƙasashe 22 ne suka fara a 2016, kuma daga bisani kusan kowace ƙasa ta gabatar aƙalla sau ɗaya. Togo ta gabatar a 2016 da 2017 da 2018 da kuma 2022. Amurka kuwa ba ta taɓa gabatarwa ba, kuma a watan Maris na 2025 wakilinta ya shaida wa Babban Zauren Majalisar cewa ƙasarsa ta yi watsi da shirin baki ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, mai hatsi ne ke riƙe da mudu. Babu wani mai binciken kuɗi ko alƙali da ke tantance rahoton kafin a karɓa, kuma kowace gwamnati takan fi ba da ƙarfi ga abin da ta ƙaddamar a kan abin da ya kammala. Akwai dai ma'aunai na gefe da ke rage wannan son kai. Hukumomin Majalisar, irin su Hukumar Lafiya ta Duniya da UNESCO da UNICEF, kowace tana kula da wasu ma'aunai tana fitar da nata ƙiyasi. Sakatare Janar na fitar da rahoton duniya kowace shekara, kuma na 2024 ya nuna kashi 17 cikin ɗari kacal na ƙudurorin da aka iya aunawa ne ke kan turbar cika. Har ila yau akwai jadawalin da wata cibiyar masana ƙarƙashin jagorancin Farfesa Jeffrey Sachs ke fitarwa, wanda a 2023 ya sa Nijeriya ta 146 cikin ƙasashe 166.

Wanda ke riƙe da alƙalami a Nijeriya

Ofishin da ke haɗa rahoton Nijeriya ya samo asali ne daga bashi. A 2005 ƙasashe masu bin bashi na ƙungiyar Paris suka yafe wa Nijeriya kimanin Dalar Amurka miliyan dubu 18, bisa fahimtar cewa kuɗin da aka huta biya, wajen Dala miliyan dubu ɗaya a shekara, za su tafi ga ayyukan Muradun Ƙarni. Gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta kafa ofishin babban mai taimaka wa shugaban ƙasa a kan wannan aiki, ta ɗora Hajiya Amina Mohammed a kansa, wadda daga baya, a 2017, ta zama Mataimakiyar Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya. Da aka shiga zamanin SDG sai ofishin ya sauya suna, kuma a 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa Gimbiya Adejoke Orelope-Adefulire, tsohuwar mataimakiyar gwamnan Jihar Legas, ta shugabance shi.

Ofishin yana tattara bayanai daga ma'aikatu da jihohi, yana kiran tarurrukan tuntuɓa da 'yan kasuwa da malaman jami'a da ƙungiyoyin mata da matasa da naƙasassu. Amma alƙaluma na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ne, wadda ke aiki bisa dokar ƙididdiga ta 2007. Rahoton 2020 bai yi yunƙurin taɓa komai ba. Ya zaɓi muradu bakwai, wato talauci, da tattalin arziki da ayyukan yi, da lafiya, da ilmi, da daidaito tsakanin maza da mata, da zaman lafiya da tsaro, da kuma haɗin gwiwa da hanyoyin samun kuɗi. Bayansa gwamnati, tare da UNICEF, ta sa an yi bincike mai zaman kansa a kan muradun lafiya da ilmi, aka fitar da sakamakon a 2022. Wannan mataki abin yabo ne, domin a nan ne aka miƙa wa wani mudun ya auna.

Lissafi a kan ƙiyasi

Matsala ta farko ita ce yawan jama'a. Kusan kowane ma'auni kaso ne: mutum nawa cikin ɗari ke da wutar lantarki, yara nawa cikin dubu ke mutuwa. Kafin a fitar da kaso dole a san jimla, alhali kuwa ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140.4, kuma ita ma ba ta tsira daga gardama ba, domin Jihar Legas ta ƙi amincewa da miliyan 9.1 da aka ba ta, ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. An shirya wata ƙidayar a watan Mayu na 2023 aka ɗage. Ke nan dukkan rahotannin uku an gina su ne a kan hasashen da aka ɗora bisa lissafin 2006, kamar ɗan kasuwar da ke fitar da ribar bana alhali rabonsa da ƙirga kayan sitonsa shekara goma sha tara.

Matsala ta biyu ita ce tushen bayanan. A ƙasashen da tsarin rajista ya kafu, ana samun adadin haihuwa da mutuwa da ɗalibai daga littattafan ofisoshi kai tsaye, kowace shekara. A Nijeriya binciken da Hukumar Ƙididdiga da UNICEF suka yi a 2021 ya nuna kashi 57 cikin ɗari ne na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa, rajistar mutuwa kuwa ta fi wannan ƙaranci nesa ba kusa ba. Don haka ake dogara da binciken gida-gida, inda ake zaɓar wasu dubban gidaje a yi musu tambayoyi, a ɗauki amsarsu a matsayin ta ƙasa. Irin wannan bincike yana da tsada, ana yinsa ne bayan shekaru, kuma sau da yawa da tallafin ƙetare.

Daga nan ne saɓanin alƙaluma ke tasowa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ba da mutuwar mata 512 cikin haihuwa 100,000, amma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta na shekarar 2020 ya ba da 1,047, wato ninki biyu. An daɗe ana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta, sai ga UNESCO a 2022 ta ce wajen miliyan 20 ne. Ba dole ba ne a ce wani ya yi ƙarya: shekarun yaran da kowane lissafi ya ƙunsa sun bambanta, kuma a lissafin hukuma yaron da ke makarantar allo kaɗai ana ƙirga shi cikin waɗanda ba sa makaranta. Haka kuma talauci. Binciken 2018 zuwa 2019, wanda bai haɗa da Jihar Borno ba, ya auna da kuɗi, ya sa iyaka a kan Naira 137,430 ga mutum a shekara, ya sami matalauta miliyan 82.9, kashi 40.1 cikin ɗari. Na Nuwamba 2022 ya auna da rashin lafiya da ilmi da muhalli da aikin yi da tsaro, ya sami miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari. Duka biyun daga Hukumar Ƙididdiga suka fito, kuma ɗan siyasa kan zaɓi wanda ya dace da jawabinsa.

Akwai ta uku, wadda ta fi shafar 'yan kasuwa, wato sauya ma'auni. A Afrilun 2014 aka sabunta shekarar da ake gina lissafin arzikin ƙasa a kanta daga 1990 zuwa 2010, sai arzikin 2013 ya tashi daga wajen Naira tiriliyan 42 zuwa tiriliyan 80, kimanin Dala miliyan dubu 510, Nijeriya ta wuce Afirka ta Kudu ba tare da an ƙara ko buhu ɗaya na masara ba. Rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020. A Agustan 2023 aka koma tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ke ɗaukar duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya koma kashi 4.1. Hauhawar farashi ta kasance kashi 34.80 a Disambar 2024, da aka sabunta kwandon kayan da ake aunawa sai ta zama 24.48 a Janairun 2025. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare yana da hujjarsa a ilmin ƙididdiga, wasu ma an makara wajen yinsu. Illa dai wanda ya jera adadin da da na yanzu a layi ɗaya, ya ce an sami ci gaba, ya kwatanta tiya da mudu ne.

Jihohi da ƙananan hukumomi

Ƙungiyar OECD ta ƙiyasta cewa aƙalla 105 daga cikin ƙudurori 169 ba za su cika ba sai da hannun gwamnatocin yankuna da na ƙananan hukumomi. Wannan ne ya sa birane suka soma rubuta nasu rahoton. New York ta gabatar da nata a Yulin 2018, duk da cewa gwamnatin ƙasarta ba ta gabatar ba, kuma a shekarar ce garuruwa uku na Japan, wato Kitakyushu da Toyama da Shimokawa, suka fitar da nasu. A Afirka, Hukumar Tattalin Arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa wa Akra a Gana, da Yawunde a Kamaru, da Harare da Victoria Falls a Zimbabuwe, da gundumar Ngora a Yuganda suka gwada. Amfanin rahoton gari shi ne yana sauko da magana daga matsakaicin adadin ƙasa zuwa unguwa, inda mazauna za su iya duba ko famfon da aka rubuta yana ba da ruwa.

A Nijeriya Jihar Kaduna ce ta riga sauran jihohi, ta fitar da rahotonta a Satumban 2017, ta dogara da binciken gidaje na hukumar ƙididdigarta. Jihohi da dama sun naɗa masu ba gwamna shawara a kan SDG, amma naɗa jami'i abu ne mai sauƙi, riƙe ma'aikatan ƙididdiga da biyan kuɗin bincike a kai a kai shi ne mai wuya, kuma ƙarfin hukumomin ƙididdiga na jihohi ya sha bamban ƙwarai.

Dalilin da ya sa matsakaicin adadi ke ruɗarwa ya fito fili a binciken talauci na 2022. Kashi 63 na ƙasa ya ɓoye kashi 91 na Jihar Sakkwato da kashi 27 na Jihar Ondo, kamar yadda ya ɓoye kashi 72 na karkara da kashi 42 na birane. Wannan bincike ya shafi gidaje fiye da 56,000, kuma ya yi zurfin da ba a saba gani ba, domin ya sauka har mazaɓun 'yan majalisar dattijai 109. A nan ya tsaya. Ƙananan hukumomi kuwa 774 ne.

Su ne tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kula da kasuwanni da tashoshin mota da rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a ilmin firamare da kiwon lafiya, kuma kasonsu a asusun tarayya kashi 20.60 cikin ɗari ne. Sai dai kuɗin ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, inda gwamnoni ke da ta cewa, kuma a jihohi da yawa kantomomin riƙo ne suka riƙa zama a kujerar zaɓaɓɓun shugabanni. Hukumar da ba ta riƙe kuɗinta ba, da wuya ta riƙe littafin lissafin aikinta. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo, amma aiwatar da ɓangaren kuɗin ya yi ta jan ƙafa a watannin da suka biyo baya.

An taɓa gwada wata hanya. A 2011, ƙarƙashin shirin tallafi mai sharaɗi na Muradun Ƙarni, aka zaɓi ƙananan hukumomi 113 da za a ba kuɗi kai tsaye, aka kuma tura ma'aikata da wayoyin hannu suna ɗaukar bayanan makarantu da asibitoci da rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, domin kowace ta tsara bukatarta bisa abin da aka gani da ido. Irin wannan rumbun bayanai yakan tsufa cikin 'yan shekaru in ba a ci gaba da sabunta shi ba.

Inda kuɗi ya shigo

Darasi mafi ƙarfi game da ba da rahoto bai fito daga New York ba, daga wani shirin Bankin Duniya ya fito. A 2018 aka ƙaddamar da shirin SFTAS da Dala miliyan 750, aka ƙara wasu miliyan 750 a 2020. Sharaɗin shi ne jiha ta wallafa kasafin kuɗinta da rahoton mai binciken kuɗi a kan lokaci, ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya tabbatar, sa'an nan ta karɓi tallafi. Cikin 'yan shekaru kusan dukkan jihohi suka soma wallafa takardun da a da sai an sha wuya ake ganinsu. Abubuwa biyu da rahoton raɗin kai ya rasa su ne wannan shiri ya haɗa, wato lada da mai tantancewa.

Kasuwar rance ma ta soma bin wannan hanya. A Disambar 2017 Nijeriya ta sayar da takardun lamuni na kare muhalli na Naira miliyan 10,690, irinsu na farko da wata gwamnatin Afirka ta fitar, ta ƙara na Naira miliyan dubu 15 a 2019. A Yulin 2021 Jamhuriyar Benin ta karɓi rancen Yuro miliyan 500 da sunan SDG, bisa alkawarin za ta riƙa bayyana wa masu ba da rancen inda kuɗin ya tafi da abin da ya haifar. A irin wannan ciniki rahoto ya zama wani ɓangare na yarjejeniyar bashi, kuma ƙasar da alƙalumanta ba su da tabbas tana shiga kasuwa da rauni.

Bukatar kuwa babba ce. Asusun Ba Da Lamuni na Duniya ya ƙiyasta a 2020 cewa Nijeriya na bukatar ƙarin kashe kuɗi daidai da kashi 18 cikin ɗari na arzikinta zuwa 2030 a fannonin ilmi da lafiya da lantarki da hanyoyi da ruwa. Shirin raya ƙasa na 2021 zuwa 2025 ya sa jimlar jarin da ake nema a kan Naira tiriliyan 348.1, ya kuma ɗora tiriliyan 298.3 daga ciki a wuyan kamfanoni masu zaman kansu. Mai son kafa injin casar shinkafa ko tashar lantarki mai aiki da hasken rana a wata ƙaramar hukuma yana bukatar sanin yawan gidajenta da ƙarfin aljihunsu da halin hanyoyinta. In hukuma ba ta da wannan bayani, shi zai biya a tattaro masa, ko ya kai jarinsa inda aka riga aka tattara.

Su ma kamfanonin layin ba da rahoto ya iso kansu. Tun 2012 Babban Bankin Nijeriya ya shimfiɗa wa bankuna ƙa'idojin kula da muhalli da al'umma wajen ba da rance. Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi ta Nijeriya ta karɓi sababbin ƙa'idojin duniya na bayyana tasirin kamfani a kan muhalli da jama'a, waɗanda aka fitar a 2023, ta kuma tsara jadawalin aiki da su: na raɗin kai daga 2024 zuwa 2027, na tilas ga manyan kamfanonin da jama'a ke da ruwa da tsaki a cikinsu daga 2028, ƙanana da matsakaita kuma daga 2030. Babban kamfanin da zai cika wannan sharaɗi zai juya ga dillalansa da masu kawo masa kaya ya nemi bayanin ma'aikatansu da man da suke ƙonawa da inda suke samo hajarsu, ko da su kansu wa'adinsu bai zo ba.